Tashar Kawu Iliyasu

Birnin Kudu,
9 ga Rabi'us Sani.

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Rilwanu, a Fagam.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi mini afuwa da na ɗora maka karatun takarda, alhali na san hannunka ba ya rabo da almakashi da dalma, ga kuma jinyar Kawu a wuyanka. Da maganar ta waya ce da na kira ka. To akwai awo a cikinta, awo kuwa in an faɗe shi a waya ba ya zama a ka. Shi ya sa na rubuta na ba Buba direba, tunda kullum yana bin hanyar Gwaram.

Ina gaishe ka, ina gaida Khuzaima da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ba ta son doguwar sujada.

Ranar da muka haɗu da Khuzaima wurin suna a Zandam ta gaya mini Kawu Iliyasu ya sake fita, sai a bakin kwalta aka samo shi yana tambayar masu wucewa ko jirgi ya iso. Ta kuma ce Yaya Hambali ya yanke magana: in watan Rajab ya tsaya abin bai sauya ba, zai zo ya tafi da shi Kano, ya ajiye shi a ɗakin bene mai ƙofar ƙarfe. Ban ga laifin Yaya ba, tsoro ne. Amma ni da kai mun san Kawu. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a fili yana sauya wa jirgin ƙasa layi, in aka rufe shi a bene, Allah ne masani, amma ban ga zai daɗe ba.

Na tambaye ta wane lokaci yake fita. Ta ce kullum gab da la'asar. Rilwanu, ai lokacin jirgin Nguru ke nan! Kai kana goye a wancan zamani, ba za ka tuna ba. Ni ina riƙo a hannunsa, shekarata tara, ni ce mai kai masa abinci bakin aiki. Kawu ba ɓata yake yi ba, wurin aiki yake tafiya. To tunda ba zai iya zuwa tasha ba, me zai hana mu kawo masa ita gida?

Ban manta motocin langalangar da kake ƙerawa kana yaro ba, har manya na tsayawa kallo. Kai ka yi jirgi da dogo. Ni zan yi gine-ginen, don har yau in na rufe ido ina ganinsu: ofis mai taga biyu, dakalin fasinja, siton kaya wanda jirgi ke shiga cikinsa, tankin ruwa bisa ƙafa huɗu, da ɗan masallacin da leburori suka gina a gabas da tsamiya. An gama girbi, kara ya wadata.

Ga awon. Kowane tarago tsawonsa taƙi ɗaya, tsayinsa yatsa shida, faɗinsa yatsa huɗu. Tsakanin ƙarafan dogo yatsa uku. Ƙarfen sauya layi kaɗai ka yi shi babba, daidai tafin hannun Kawu, kuma ya zama yana aiki da gaske. Ba ya son abin wasa, ka san shi.

Na tabbata za mu iya. Wassalam.

'Yar'uwarka,
Mairo.

*

Fagam,
ranar Laraba.

Zuwa ga taubashiyata, Malama Mairo, sabuwar injiniyar reluwe.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana ƙamshin turaren wuta, har sai da Khuzaima ta tsare ni da ido ta ce, "Wace ce wannan mai aiko maka da ƙamshi?" Na ce wata tsohuwa ce a Birnin Kudu da ta ƙi yarda an ƙirƙiro waya. Muna lafiya. Baba yana cin abinci, yana barci, sai dai fitar nan.

Shekaranjiya ma ya fita. Na bar shago na bi shi a kan babur, na same shi wajen gonakin yamma, ya ɗaure jan ƙyallen Khuzaima a sanda. Na ce, "Baba, mu koma gida." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai sabon lebura ne? Wa ya ɗauke ka aiki da wannan tumbin?" Na yi dariya a gabansa. Da muka dawo kuwa ban iya cin abinci ba.

Da farko na ɗauka zafin Birnin Kudu ne ya taɓa ki. Amma na yini ina juya maganar, na ga ba mu da abin da ya fi ta. Na yarda.

Na riga na fara. Dogo na same shi inda ba ki zato: ƙarafan tsohuwar lema. In aka miƙe su aka jera bisa tsinkayen katako, wallahi sai ki ce layin Kano. Na bi gida-gida ina roƙon matattun lemomi, yanzu mutanen unguwa na cewa Rilwanu mai gwangwani ya fara bin sawun ubansa. Taragu daga gwangwanin madara na gari nake yanka su, ƙafafun kuma marafan kwalba biyu-biyu na haɗa baya da baya da dalma, su ba da kwarmin da zai hau ƙarfe. Kan jirgin zan bar shi a ƙarshe, sai na ƙara nazarin tsohon hoton nan na Baba da ke cikin akwatinsa.

Ke dai ki yi naki. Kada ki aiko mini da akurkin kaji ki ce ofis ne.

Naki,
Rilwanu.

*

Birnin Kudu,
27 ga Rabi'us Sani.

Malam Rilwanu, sallama da gaisuwa. Ina fatan Kawu ya tashi lafiya. Ka ce wa Khuzaima ta kwantar da hankalinta, turaren ragowar wanda ita ta ba ni ne.

Ga kwali biyu a hannun Buba. Na roƙe shi ya ɗora su a kujerar gaba, kada ya sa su a but tare da buhunan masara. In ka ga ɓaraka, shi za ka tambaya.

Ƙashin ginin duk kara ne. Na fere ɓawon na tsaga shi siri-siri, na soke shi cikin totuwa kamar yadda kuke yin motar kara, sannan na lulluɓe da kwali na shafe da jar ƙasa da aka dama da ƙaro. Sau uku na shafa, ina barin kowanne ya bushe a inuwa, don rana tana tsattsaga shi. Rufin kwanon ya ba ni wahala. Na gwada gwangwani, ya yi kauri. Daga baya na ɗauki takardar azurfar nan ta cikin kwalin ganyen shayi na danna ta bisa haƙoran matsefi da bayan allura, sai ga kwano da layukansa. Ɗalibaina mata da suka zo karatu suka tarar da ni a kai, ɗaya ta ce, "Malama, ko hula ta daina ciniki ne?" Na ce ta buɗe allonta.

Ka duba ƙafar tanki ta arewa, za ka ga na ɗiga mata ruwan goro. Ba kuskure ba ne. Tankin yana yoyo ta nan, tsatsa ta ci wurin, a nan muke tare ruwa da kwano mu yara. Tagar ofis ta hagu kuma da gangan na bar ta a karkace.

Masallacin da tsamiyar suna tafe. Ka gwada shigar da tarago cikin sito ka gaya mini.

Mairo.

*

Fagam,
ranar Asabar.

Injiniya, wa alaikumus salam. Muna lafiya, kaya sun iso lafiya. Buba ya ce in gaya miki ko amarya bai taɓa ɗauka da irin wannan lallami ba.

Aikinki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba ko da yake bakina bai so faɗa ba. Khuzaima ta yi ta leƙa tagar ofis tana cewa kamar a kira mutum ya amsa.

Sai dai akwai magana. Na tura tarago zuwa ƙofar sito, ya tsaya cak. Ko kansa bai shiga ba. Rufinsa ma ya fi rufin siton tsayi. Dakalinki kuwa, fasinjan da zai hau jirgina daga kansa sai ya zo da tsani. Na sake ɗauko takardarki na auna: taƙi ɗaya, yatsa shida, yatsa huɗu. Ban ƙara ba, ban rage ba. Na auna sau uku, Khuzaima shaida ce.

To ko dai kin manta abin da kika rubuta, ko kuwa jirgin zamaninku ɗan tsurut ne. Taragu biyar na gama, ga dogo kamu shida a shimfiɗe. Wa zai rushe nasa? Ki tuna wata biyu kacal ya rage, jiya kuma Yaya Hambali ya kira yana tambaya ko an sa wa ƙofar zaure kwaɗo. Na ce masa ubana ba akuya ba ne. Ya kashe wayar.

Rilwanu.

*

Birnin Kudu,
6 ga Jimada Ula.

Malam Rilwanu, sallama. Allah ya ƙara wa Kawu sauƙi, ya ba ka haƙuri da Yaya. Kada ka ƙara gaya masa magana irin wannan, wanka ne, kuma shi ma uban nasa ne.

Da na karanta takardarka na zauna na dubi hannuna, sai dariya ta kama ni ni kaɗai. Ba ka yi kuskure ba, ni ma ban manta ba. Na ce yatsa shida, ban ce yatsan wa ba. Ni na auna da yatsun mai ɗinkin hula, kai ka auna da waɗannan naka da guduma ta faɗaɗa. Laifin nawa ne, ni na ba da awon, don haka ni zan rushe. Kara ya fi gwangwani sauƙin sakewa, kuma na riga na san hanya, wannan karon ba zai ɗauke ni rabin lokacin ba.

A cikin takardar nan akwai ɗan sillen kara, na yi masa zobe da tawada a kai biyu. Na yanka su biyu a tare da wuƙa ɗaya, ɗaya yana wurina. Daga yau shi ne tsayin mutum a tasharmu. Ka auna taragonka da shi ka aiko mini: mutum nawa ne tsayinsa, mutum nawa ne faɗinsa. Kada ka ƙara sa yatsanka a maganar.

Kada ka damu da kwanaki. Na ɗage ɗinkin huluna biyu, masu su sun yi mini uzuri.

Mairo.

*

Fagam,
ranar Asabar, 12 ga Jimada Sani.

Yaya Mairo, sallama. Yau ba wasa a bakina.

Sababbin gine-ginen sun zauna daidai, tarago yana shiga sito ya fita kamar an haife shi a ciki. Na kafa komai bisa tsohon ƙyauren gidanmu a ƙarƙashin rumfa, na zuba tsakuwa tsakanin katakan dogo, na dasa tsamiyarki. Kan jirgi na shafa masa kore. Ƙarfen sauya layi da mariƙin ludayi na yi shi, in an ja, layi yana komawa sito da ƙara, ƙwas.

Jiya bayan azahar na kawo Baba. Ya tsaya ya daɗe. Sannan ya nuna ƙafar tanki ya ce, "Har yau ba su gyara yoyon nan ba?" Ya kama ƙarfen ya ja, ya mayar, ya ce yana son mai. Na ce a raina mun gama.

Sai ya sunkuya ya leƙa dakali, ya leƙa ofis, ya leƙa bayan sito. Ya ce, "Ina mutane?" Na ce, "Suna zuwa, Baba." Ya girgiza kai ya ce, "Tasha ba kowa a wannan lokaci? An rufe ta ke nan. Sun koma wani wuri ba su gaya mini ba." Ya ɗauki hularsa. Na riƙe shi, ya fizge, ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Na bi shi a baya har ya gaji ya zauna a gindin wata ɗorawa, ya fi nisan ko yaushe. Wani ya kai wa Yaya Hambali labari kafin ni. Ya ce Juma'ar farko ta Rajab yana nan tafe da mota.

Abin da ya rage mutane ne. Ki murza mana su da yumɓu, kamar ashirin, tsayin sillen nan: fasinjoji, mai tasha da hularsa, mai tallan gyaɗa, Bafulatani da sandarsa. Hannunki ya fi nawa laushi, kwana uku ya ishe ki. Don Allah kada ki ɓata lokaci.

Rilwanu.

*

Birnin Kudu,
13 ga Jimada Sani.

Malam Rilwanu, sallama. Buba yana ƙofar gida yana danna oda, don haka a gurguje.

Na ji abin da ya faru, raina ya ɓaci ƙwarai. Amma mutane ba zan ƙera ba. Siffar mai rai ce, hannuna bai taɓa yi ba, ba kuma zai fara yanzu ba. Ka yi haƙuri. Ka ba ni kwanaki.

Mairo.

*

Birnin Kudu,
23 ga Jimada Sani.

Zuwa ga ƙanena Rilwanu.

Assalamu alaikum. Ina gaida Kawu, ina gaida Khuzaima. Kwana goma ke nan Buba yana wucewa ta ƙofarmu yana ɗaga mini hannu wayam. Na kira wayarka sau biyu ba ka ɗauka ba, ni da ka ce ban yarda an ƙirƙiro ta ba. Na san fushi kake yi. Na sake tuna abin da na rubuta, na ga gajartarsa ta sa ya yi kaushi. Ina jin ka ɗauka na zare hannuna daga aikin, ko kuma ina yi maka wa'azi. Ko ɗaya ba haka ba ne.

Abin da aka karantar da ni tun ina gaban allo shi nake riƙe da shi. Na san malamai sun yi sassauci a kan 'yar tsanar yara, na san kuma akwai waɗanda za su ce lalura ce. Ban ce sun yi kuskure ba, ban kuma ce kai ka yi ba in ka ƙera. Ni dai zuciyata ba ta natsu ba, aikin da zan yi wa Kawu kuwa ba na son in yi shi da zuciya biyu. Da na ce ka ba ni kwanaki, nufina in nemo wata hanya. Na kuwa samo.

Ranar Alhamis ina dawowa daga duba wata ɗalibata da ta haihu, na bi ta gaban masallacin unguwarmu daidai an tayar da la'asar. Layin nan tsit, ko mutum ɗaya babu. Amma ban ji kamar an watse ba. Ga takalma a ƙofa sun fi hamsin, ga keke a jingine, ga teburin mai rake an rufe da buhu, ga ƙasa a jiƙe inda aka yi alwala. Na tsaya a wurin kamar an dasa ni. Rilwanu, haka tasharmu take a lokacin da Kawu ke fita. Jirgin Nguru bayan la'asar yake isowa. Kafin ya iso kowa yana salla. Kawu kaɗai ke waje, don shi da an kira yake yin tasa a kan buzunsa a gindin ƙarfe, saboda kada jirgi ya zo ba kowa a kan layi. Mutanen ba su ɓace ba, suna ciki. Mu ne muka manta mu nuna masa.

Ga kwalayen ashana bakwai. A cikinsu akwai takalma ƙafa ashirin da uku, na yanka daga tsohon tub na keke da guntayen fatar da na roƙo wurin baduku. Akwai butoci biyar na yumɓu, kowace kamar ƙwayar wake. Akwai ƙunshin kaya, buhunan gyaɗa, tiren talla da faifai a kai, sanda da goran Bafulatani, da ɗan buzu.

Ka zuba takalman a ƙofar masallaci, amma kada ka jera su kamar na kanti. Ka san mutanenmu: wani a kan wani, ɗaya a kife. Baƙaƙen nan masu igiya kaɗai ka ware su a dama, na mai tasha ne. Ƙananan guda huɗu na mata ne, su a bayan sito suke salla, ka rataya ɗan zanen nan a wurin ka ajiye su a bakinsa. Inda ka sa butoci ka ɗiga ƙaro a ƙasa, in ya bushe yana ƙyalli kamar ruwa. Kayan ka watsa su a dakali kamar masu su za su dawo yanzu. Buzun ka shimfiɗa a gindin ƙarfen sauya layi, ka bar shi ba kowa. Mai shi yana nan.

Kada ka yi masa bayani. Ka kawo shi daidai lokacin da ladaninku ya kira la'asar, ka yi shiru.

Ina da yaƙini a kan wannan, in Allah ya so. Ko kana fushi ka gwada, fushin ka ajiye mini shi sai na zo.

Yayarka,
Mairo.

*

Fagam,
ranar Lahadi, 5 ga Rajab.

Yaya Mairo, wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kowa lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Gaskiya na yi fushi. Na ce wa Khuzaima, "Tsoho zai tafi bene saboda Malama tana tsoron yumɓu." Na zauna na yanka mutane goma da gwangwani da kaina. Baba ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba fuskokinsu, ya ce, "Waɗannan baƙi ne, ban san ko ɗaya ba," ya share su da bayan hannu, ya fita. Kunyar wannan ce ta hana ni ɗaukar wayarki, ba fushin kaɗai ba.

Da kwalayenki suka zo na yi yadda kika ce, ko da yake ina yi ina gunaguni. Takalman nan sun ba ni wuya, sai da na ari hantsakin Khuzaima, kin san yatsun nawa. Ladan ya kira, Baba ya ɗauki hula zai nufi ƙofa, na juyo da shi rumfa. Ya sunkuya. Ya dubi dakali, ya dubi butoci, idonsa ya kai ƙofar masallaci. Na buɗe baki zan ce wani abu, sai ya ɗaga mini hannu ya ce a hankali, "Rage murya, an tayar."

Ya sa aka kawo masa tabarma ya yi sallarsa a nan gefen ƙyauren. Da ya sallame ya gyara zama, ya kama ƙarfe, ya dubi gabas ya ce, "To, ba shi hanya." Na turo jirgi. Ya ja, ƙwas, jirgi ya shiga layin sito. Ya ce in fitar da shi in sake, wai direban ya shigo da gudu. Sau shida muka yi. Sannan ya bi takalman da yatsa yana kiran masu su. Ya ce baƙaƙen na Ahmad mai tasha ne, "kullum sai ya ware nasa, kamar ƙafarsa ta fi ta kowa." Wanda ke kife kuma wai na wani Abdulnasir ne mai awon kaya, ba ya zuwa sai an yi raka'a ɗaya. Har magariba bai tuna da ƙofa ba.

Yau kwana goma sha ɗaya bai fita ba.

Shekaranjiya Juma'a Yaya Hambali ya iso da mota, har da katifa a baya. Ya shigo daidai Baba yana bakin aiki. Ya durƙusa ya gaishe shi ya ce, "Baba, shiri za ka yi, Kano za mu." Baba bai ko juyo ba ya ce, "Kai Hambali, ba ka da ido ne? In na tashi wa zai karɓe ni? So kake jirgi ya hau kan jirgi?" Yaya ya dube ni, na dubi rufin rumfa. Can Baba ya ce masa, "Tunda ka zo, tura mana, wannan mai tumbin ya gaji." Yaya Mairo, da kin ga Alhaji Hambali mai manyan motoci, da babbar rigarsa ta Juma'a, a durƙushe yana tura gwangwanin madara, Baba yana yi masa faɗa wai bai iya tsayawa a dakali ba! Khuzaima ta gudu ɗaki don kada dariyarta ta fito.

Jiya da safe ya koma shi kaɗai. A bakin mota ya ce a bar Baba a inda yake, amma in ya sake fita ko sau ɗaya kada in ɓoye masa. Na yi masa alkawari. Katifar ma ya bar mana ita.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ce ki zauna. Jiya bayan jirgi ya wuce Baba ya yi ta dube-dube a gindin ƙarfe, gefen buzu. Na tsorata, na ce ko fita zai yi. Sai ya ce, "Jirgi ya wuce, yarinyar nan ba ta kawo abinci ba. Ko Mairo ba ta da lafiya ne?"

Kin san shekara biyu ke nan bai kira sunanki ba, ko ranar da kika zo kika zauna a gabansa. Na ce masa kina hanya.

Na janye maganar akurkin kaji.

Ƙanenki,
Rilwanu.

*

Birnin Kudu,
6 ga Rajab.

Rilwanu, wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta a zaune kamar yadda ka ce, na kuma daɗe ban tashi ba.

Na ƙirga takalman kowa a tashar nan, na manta da kaina. Ni a lokacin ba ni da takalmi, shi ya sa ban bar alama ba.

Ga kwalin ashana ɗaya. A ciki akwai 'yar langa shuɗiya mai jan fure, da faifanta, da ɗan gammo. Da marfin man goge haƙori na yi ta, na auna da sillenmu. Ka ajiye ta a hagun ƙarfe, bisa ɗan dutse, kada ka sa a dama. Dama akwai tururuwa, ya sha yi mini faɗa a kai.

Ka ce masa Mairo lafiyarta ƙalau, tuwon ne bai nuna da wuri ba. Ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan biyo Buba da babbar langa ta gaske, in iso kafin la'asar. Ka tambayi Khuzaima ko har yanzu yana iya cin tuwon dawa, ko sai na shinkafa, kuma ko likita ya hana shi yaji. Ƙarfen nan kuma ka sa masa man da ya ce.

Buba zai juyo jibi. Don Allah ka ba shi amsa ya taho mini da ita.

Yayarka,
Mairo.